A Ware Wa Ƙungiyoyin Taimakon Kai Da Kai Kasonsu

Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan kuɗin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin taimakon kai da kai, musamman a nan ƙasar Daura.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa tireda. Muna da wata 'yar ƙungiya a nan Kusugu, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Da wannan karo-karo muke yashe kwata kafin damina, mu gyara famfon tuƙa-tuƙa in ya lalace, mu kai mara lafiya asibiti, wani lokaci mu ɗinka wa marayu kayan makaranta. To tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 abin ya fi ƙarfinmu. Ga rufe iyakar Nijar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, mu masu cin kasuwar Mai'adua mun ji a jikinmu. Waɗanda a da su ne masu bayarwa, yanzu wasunsu su ne ke neman a agaza masu.

Kwanakin baya famfonmu ya tsaya cak. Muka rubuta takardar neman gudummawa muka kai wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba. Sau huɗu ina barin rumfata ina zuwa, kullum sai a ce in dawo. A na ƙarshen wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wa kuke da shi a sama?" Na ce Allah. Haka mata da yara suka yi ta yawo da jarkoki har muka harhaɗa kuɗin da kanmu. Abin dariya abin takaici, a unguwar da tarihi ya ce maciji ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba sai sun bi ta hannun gwamnoni ba. Mun yi murna, ko da yake har aka shiga 2025 ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma ni tambayata ita ce, ko da kuɗin sun iso sakatariya, ta wace hanya za su iso lungunmu? Idan babu ƙa'ida a rubuce, wanda ya san wani shi zai ci gaba da samu.

Kuma ba sabon abu nake nema ba. Shirin CSDP da aka yi da tallafin Bankin Duniya daga 2009 zuwa 2021 ya nuna hanya. Jama'ar gari su ke zaɓar aikin da suka fi buƙata, su kafa kwamiti, su kawo kashi 10 cikin 100, ko kuɗi ko yashi ko ƙwadago, a cika masu sauran. Wanda ya zuba guminsa a famfo ba zai zuba ido yara su karya shi ba. Ɗan kwangila kuwa da ya karɓi cek ya yi gaba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure da su ware wani kaso sananne a kasafin kowace shekara domin irin waɗannan ƙungiyoyi. A faɗa a rediyo, a liƙa a ƙofar mai unguwa: ga nawa aka ware, ga wanda ya samu, ga aikin da zai yi. Kada a ba kowa kuɗi a hannu, a zuba a asusun ƙungiya a banki, kashi-kashi, sai an ga aiki a ƙasa a ƙara.

Na san za a ce ai ƙungiyoyin bogi sun yi yawa. Gaskiya ne, akwai masu tsirowa kamar ciyawar farkon damina da zarar an buga gangar siyasa. Mu ma muna da namu laifi, don wata ƙungiyar ko littafin shiga da fita ba ta da shi, kuɗi na aljihun ma'aji. Maganin wannan mai sauƙi ne: a tambayi mai unguwa da liman da matan unguwa wace ƙungiya suka taɓa ganin aikinta, kuma a ce sai mai littafi za a ba.

Ga kansilanmu na mazaɓar Kusugu, muna roƙon ka kai wannan magana zauren majalisa kafin a gama kasafin baɗi. Littafinmu na nan, duk ranar da ka shirya ka zo ka duba.



Naku mai karatu kullum,
Wani manomi,
Unguwar Kusugu, Daura,
Jihar Katsina.