ZANCEN IYALI: Kada Kuɗi Ya Zaɓa Wa Yaro Ranar Shiga Makaranta

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Ingila, inda waɗansu 'ya'yanmu da jikokinmu suke zaune saboda aiki ko karatu, mu ga yadda gwamnati take taimakon iyaye da kuɗin renon ƙananan yara.

Ga yadda abin yake. Tun shekarar 2010 kowane yaro mai shekara 3 ko 4 yana da hakkin awa 15 a mako a gidan reno, mako 38 a shekara, watau awa 570 ke nan, gwamnati ce ke biya. Ba a duban ko iyayensa masu hali ne ko baƙi ne. A 2017 aka ninka wannan ya zama awa 30 domin iyaye masu aiki. Daga watan Satumba na 2025 kuma aka sauko da awa 30 ɗin har ga jariri mai wata 9. Amma da sharaɗi. Dole uba da uwa kowannensu ya riƙa samun aƙalla ladan aikin awa 16 a mako bisa ga mafi ƙarancin albashi, kada kuwa ɗayansu ya wuce fam 100,000 a shekara. Duk wata uku sai sun sake tabbatar wa hukuma suna nan kan sharaɗin. Kuɗin abinci kuwa, sau da yawa daga aljihun iyaye yake fitowa.

To, ina batun shiga makaranta? Yawancin yara sukan shiga ajin fari a watan Satumba bayan sun cika shekara 4, daga ranar kuma kuɗin reno ya tsaya, gama makarantar gwamnati kyauta ce. Amma doka ba ta tilasta wa yaro karatu ba sai zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 5. Ku duba yaron da aka haifa a watan Agusta. Da ƙyar ya cika 4, ga shi a aji ɗaya da wanda ya kusa cika 5. A wannan lokaci na rayuwa, shekara guda ba ƙaramar tazara ba ce.

Saboda haka an bar wa iyaye zaɓi. Suna iya jinkirta shigarsa zuwa wani zango, ko ya fara da rabin yini. In an haife shi tsakanin 1 ga Afrilu da 31 ga Agusta, yana iya jira har Satumba ta gaba, sai dai su roƙi hukumar makaranta ta bar shi ya fara daga ajin fari, ita kuwa tana iya yarda ko ta ƙi. Abin lura shi ne, muddin yana jira, awoyinsa na reno ba su ɓace ba har ya kai shekarun tilas.

Mun sani jarabar tana da ƙarfi. Makaranta ta riƙe yaro yini guda ba ko sisi, gidan reno kuwa sai an yi ciko. Duk da haka muna roƙon iyaye su dubi yaron kafin su dubi aljihu. Yana iya zuwa bayan gida shi kaɗai? Yana iya faɗa wa babba abin da ke damunsa? Yana jure rabuwa da uwarsa ba tare da ya wuni yana kuka ba? Sauri ya haifi nawa.

Ku tuna da Hannatu. Ta yi wa Allah wa'adi za ta ba da Sama'ila, amma ba ta kai shi Shilo wurin Eli ba sai da ta yaye shi. Bayan ta kai shi ma, kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ta ba da shi a kan kari, ba ta kuwa janye hannunta daga kansa ba.

Mu ma a nan gida maganar ta shafe mu, gama muna ganin yara 'yan shekara 2 ana jansu zuwa makaranta da jakar da ta fi su girma. Gwamnati tana iya biyan awoyi, malama tana iya koyar da baƙaƙe, amma tarbiyya da addu'ar safe da ta dare, Allah ya ɗora su a wuyan uba da uwa.

Ubangiji ya ba mu hikimar reno. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.