Sharhi: Saƙon Gargaɗi Daga Na'ura, Darasin Ambaliyar Maiduguri

A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da dama na Maiduguri, ciki har da unguwar Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Shekaru 30 ke nan bayan makamanciyarta ta 1994. Gyaran madatsar shi ya fi ɗaukar hankali tun daga lokacin, amma akwai batu na biyu da bai kamata a manta ba: a irin wannan dare, wane ne zai rubuta gargaɗi, da wane harshe, kuma cikin minti nawa?

Amsar da ƙasashe da dama suka samo ita ce shirya saƙonni tun kafin masifa ta auku. Ana tsara jimloli masu gurabe, tamkar tambayoyin cike gurbi na makaranta, sannan kwamfuta ta zuba sunan wuri, lokaci da girman haɗari da zarar bayani ya iso. Da wannan dabara manhajar Quakebot ta jaridar Los Angeles Times ta Amurka ta fitar da labarin girgizar ƙasa cikin 'yan mintuna a watan Maris na 2014. A shekarar ce kuma kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya fara amfani da na'ura wajen rubuta rahotannin ribar kamfanoni.

Borno ba baƙuwa ba ce ga wannan fanni. A lokacin annobar korona, ƙungiyar Translators without Borders ta samar da wata manhajar hira mai suna Shehu, wadda ke amsa tambayoyin jama'a da Hausa, Kanuri da Turanci. Hausa kuma tana cikin harsunan da Gidauniyar Wikimedia ta zaɓa a 2021 domin gwajin shirin Abstract Wikipedia, mai burin samar da maƙaloli kai tsaye daga tararrun bayanai.

Sai dai zubin da aka gina bisa nahawun Turanci ba ya zama daram a Hausa. Hausa tana bambanta namiji da mace: ruwa ya taso, ambaliya ta taso, koguna sun cika. Jimlar da aka kafe da "ya" za ta karye da zarar an zuba mata "gobara". Kanuri ba shi da wannan rarrabewar jinsi, amma aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, don haka jerin guraben dole ya sauya. Ashe kowane harshe yana bukatar nasa zubin, wanda masu jin harshen za su gina daga tushe.

Akwai kuma matsalar haruffa. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an saka ƙ, ɗ ko ɓ, adadin zai koma 70, domin haruffan masu lanƙwasa ba sa cikin ainihin jerin da aka tanada wa saƙon tes. Cire lanƙwasar kuma yana iya sauya ma'ana, kamar tsakanin "ƙasa" da "kasa". Mai tsara zubi dole ya zaɓi gajerun kalmomi da ba sa rikitarwa, kuma ya tanadi saƙon murya domin waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Na'ura ba ta tantance gaskiya. A watan Yunin 2017, Quakebot ta ba da labarin girgizar ƙasa a Kalifoniya, alhali girgizar ta auku ne tun 1925, sakamakon kuskure a bayanan da aka aiko mata. Gargaɗin ƙarya guda ɗaya a Maiduguri na iya sa jama'a su yi biris da na gaske. Saboda haka wajibi ne a samu jami'in da zai tabbatar da saƙo kafin ya fita.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin ganin tsarin gargaɗin wuri ya kai ga kowane mutum a duniya kafin ƙarshen 2027. Domin Borno ta amfana, ya dace hukumomin NiMet, NIHSA da NEMA, tare da takwararsu ta jiha, su haɗa kai da malaman harsuna na Jami'ar Maiduguri su tsara waɗannan saƙonni, a gwada su a unguwanni da sansanonin 'yan gudun hijira a lokacin rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.