Peter Banks Da Zargin Kwaikwayon Kansa

A cikin watan Yuli na shekarar 1970 wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Landan mai suna Yes ta fitar da faifanta na biyu, wanda ta sa wa suna Time and a Word. Da aka zo sayar da faifan a Amurka sai aka sauya masa bango, aka liƙa hoton 'yan ƙungiyar su biyar. A cikin mutanen nan biyar akwai wani saurayi, Steve Howe, wanda bai taɓa ko tsirkiya ɗaya ba a wajen ɗaukar faifan. Wanda kuwa ya kaɗa jitar da ake ji a ciki, watau Peter Banks, babu shi babu alamarsa a hoton, domin tun watan Afrilu aka sallame shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Abin da ya fi muni shi ne, yadda aka yi masa a bangon faifan nan haka masu rubuta tarihin wannan kiɗa suka daɗe suna yi masa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bayyana irin kiɗan da ake magana a kansa. Wani reshe ne na kiɗan rok wanda ya tsiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu samari suka gaji da waƙoƙin minti uku masu amshi guda. Sai suka shiga tsawaita waƙa har ta kai minti goma ko fiye, suna sauya kari da sauri a tsakiyarta, suna aro daga kiɗan jaz da kuma tsohon kiɗan Turai na goge da fiyano. Ana iya kiransa rok mai dogon zango. A irin wannan kiɗa makaɗi bai tsaya ga raka mawaƙi kawai ba, shi ma yana da maganar da zai faɗa da kayan kiɗansa.

An haifi Banks a Barnet, arewacin Landan, a shekarar 1947. Tun yana ɗan saurayi ya haɗu da Chris Squire, mai kaɗa jita mai kaurin murya, a wata ƙungiya da ake kira The Syn, wadda ta taɓa buɗe wa Jimi Hendrix fage a gidan rawa na Marquee a farkon 1967. Daga nan su biyun suka koma wata ƙungiyar, Mabel Greer's Toyshop, wadda ita ce ta rikiɗe ta zama Yes a 1968, bayan zuwan mawaƙi Jon Anderson da maganɗi Bill Bruford da Tony Kaye mai ogan. Shi wannan gajeren suna ma, Yes, Banks ne ya kawo shi.

Duk mai son ya san abin da Banks ya ƙulla, to ya saurari faifan farko na 1969, musamman yadda suka juya waƙar I See You ta ƙungiyar Byrds. A tsakiyar waƙar sai kowa ya yi shiru, a bar jita da ganga su kaɗai suna zance, jitar tana tafiya irin ta 'yan jaz, a hankali, da tsabta, sa'an nan ba zato ta ɓarke da ƙara kamar an taka wutsiyar damisa. Wannan sauyi daga laushi zuwa zafi a cikin ƙiftawar ido, da ƙin bin hanyar kiɗan bulus wadda kusan kowane makaɗin jita na Ingila yake bi a zamanin, su ne daga baya aka riƙa kira salon Yes. Haka nan yana da wata dabara ta danna abin ƙara sauti da ƙafa, yadda ba a jin bugun tsirkiya sai dai muryar ta taso sannu a hankali kamar ta goge.

To, a kan goge ɗin ne kuwa rigima ta tashi. Wajen ɗaukar faifai na biyu aka yanke shawarar gayyato tawagar 'yan goge da masu busa, Banks ya ƙi amincewa, ya yi ta samun saɓani da mai kula da ɗaukar faifan, Tony Colton. Aka rinjaye shi, 'yan goge suka mamaye wurare da dama da ya kamata a ji jita. Wanda ya saurari wasannin da ƙungiyar ta yi wa gidan rediyon BBC a 1969 da 1970, waɗanda aka fitar a 1997, zai ji wasu daga cikin waƙoƙin nan ba tare da wannan kwalliya ba, kuma da wuya ya ƙi yarda cewa Banks ne mai gaskiya. Su kansu 'yan Yes sai da suka shekara talatin da ɗaya kafin su sake gina faifai a kan irin wannan tawaga.

A 1971 Banks ya kafa Flash tare da mawaƙi Colin Carter da Ray Bennett da Mike Hough. Sun fitar da faifai uku cikin shekara biyu: Flash da In the Can a 1972, sai Out of Our Hands a 1973. Waƙarsu Small Beginnings ta kai matsayi na 29 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga sabuwar ƙungiya. Amma tun daga lokacin har yau hukuncin da ake yanke wa Flash guda ne, wai kwaikwayon Yes suke yi. Wannan hukunci akwai zalunci a cikinsa. Ina aka taɓa ganin an kama mutum da laifin satar muryarsa? Idan ana jin ƙamshin Yes a kiɗan Flash, ai saboda mai kaɗa jitar yana cikin waɗanda suka haɗa turaren ne tun farko. Ban da haka, kunnen da ya natsu zai ji bambanci. Tony Kaye ya taimaka musu da ogan a faifan farko kaɗai, daga nan ba su da mai ogan, saboda haka nauyin da mutum biyu suke ɗauka a Yes ya koma kan jita ɗaya. Wannan ya sa kiɗan Flash ya fi kaushi da sakewa, ya fi kama da abin da ake ƙirƙira nan take. Yes ta zamanin Close to the Edge gini ne da aka auna kowane tubali nasa. Flash kuwa sukuwa ce, wani lokaci har doki ya so ya kayar da mahayi.

Ba a ce ba su da laifi ba. Bangayen faifansu na farko da na biyu, masu nuna tsiraicin mata, sun zubar musu da mutunci a idon masu ɗaukar kiɗa da muhimmanci. Waƙoƙinsu ba duka ne suke zama a ƙwaƙwalwa ba. Zaman lafiya ma ya gagare su, har ƙungiyar ta watse a garin Albuquerque na Amurka a ƙarshen 1973, suna tsakiyar rangadi. Kuma babu mai musun cewa Steve Howe gwani ne na gaske, wanda ya kai Yes inda mai yiwuwa ba za ta kai ba in ba da shi ba. Sai dai yabon magaji bai wajabta binne wanda aka gada ba.

Shaidar darajar Banks a idon 'yan'uwansa makaɗa tana cikin faifansa na kansa, Two Sides of Peter Banks, na 1973. Jan Akkerman na ƙungiyar Focus ta ƙasar Holan ya zauna sun yi ta musayar jita da shi, ga Phil Collins da Steve Hackett na Genesis, ga John Wetton na King Crimson. Irin waɗannan ba sa taruwa a ɗakin wanda suka raina.

Labarin da ya fi ban tausayi shi ne na Empire, ƙungiyar da ya kafa da mawaƙiya Sydney Foxx, wadda ya aura. A sauran shekarun 1970 sun ɗauki waƙoƙin da suka isa faifai uku, babu kamfanin da ya fitar da ko ɗaya. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka tono su aka fitar, lokacin da kasuwar irin wannan kiɗa ta daɗe da watsewa. Kenan ba za a ce jama'a sun saurari Empire sun ƙi ta ba, tun da ba a ba su damar ji ba a lokacin da ji yake da amfani. Ga shi kuwa sanya mace a gaba, a fagen da kusan duk maza ne, ya ba kiɗan wani ɗanɗano na daban.

Banks ya ci gaba da kiɗa, ya fitar da wasu faifai na jita zalla a shekarun 1990, kamar Instinct da Self-Contained da Reduction. Ya rasu a gidansa da ke Barnet a watan Maris na 2013, yana da shekara 65. Bayan shekara huɗu, a 2017, aka shigar da Yes Zauren Girmama Mashahuran Makaɗan Rok na Amurka. Mutum takwas aka lissafa. Daga cikin biyar ɗin da suka kafa ƙungiyar a 1968 an ambaci Anderson da Squire da Bruford da Kaye, aka tsallake Banks shi kaɗai.