Harajin Masauki: Tunkiya Ɗaya, Fiɗa Biyu

A shekarar 2009 Gwamnatin Jihar Ikko ta kafa doka, ta ce duk wanda ya kama ɗaki a otal, ko ya ci abinci a gidan sayar da abinci, sai ya biya kashi 5 cikin 100 bisa kuɗin da aka yanka masa. Ba wanda zai ce haraji laifi ne. Baƙo yana bin titin gari, yana shan ruwansa, yana kuma barin shara, ashe kuwa daidai ne ya ba da nasa taimako.

Amma fa Gwamnatin Tarayya tana da nata harajin bisa ɗakin nan, wanda ake kira VAT, har ma a 2020 ta ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7½. To, mai karatu ya yi lissafi. Falke ya taso daga Kano, ya kama ɗakin naira 10,000. In aka haɗa duka biyu, ya biya ƙarin naira 1,250 kafin gari ya waye. Gado ɗaya, dare ɗaya, masu karɓa biyu! Shekara da shekaru gwamnatocin nan suna kai juna ƙara kan ko wa ke da ikon karɓa, baƙo kuwa yana ta biya. An raina shi ne don ba shi da ƙuri'a a garin, gobe ya ɗaure kayansa ya tafi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne son kai wajen karɓa. Mai otal ya kafa allo a ƙofa, yana da littafin baƙi da ma'aikata, saboda haka ma'aikacin haraji ba ya ɓata hanyar gidansa. Maƙwabcinsa kuwa, mai ba da hayar ɗaki na kwana biyu ko uku ta intanet, ba allo, ba littafi, samunsa sai an sha wuya. Watau wanda ya bayyana kansa shi ke ɗaukar kayan duka.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. A birnin Faris na ƙasar Faransa, a 2015 kamfanin Airbnb ya fara karɓar harajin kwana daga hannun baƙo sa'ad da yake biya, ya miƙa wa hukumar gari. Me zai hana Ikko yin haka? Gwamnatocin biyu su zauna su yanke wanda zai karɓa, a karɓa sau ɗaya daga kowane masauki, kāna a buga wa jama'a lissafin abin da aka tara da titin da aka gyara da shi.