Nomau: Sunan da Ya Yi Wuya a Ƙasar Dawa da Riɗi

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo cikin sha'anin raɗin suna. Da zarar an yi haihuwa, kafin ranar bakwai ta zagayo, sai iyaye matasa su duƙufa a kan wayoyinsu suna bin shafukan intanet masu jera sunayen jarirai, suna neman wanda ba kowa ke da shi ba. Shafukan sukan kawo abu biyu a gaban kowane suna: ma'anarsa a kalma ɗaya ko biyu, da matsayinsa a jerin farin jini. Da yawa daga sunayen maza da ake tallatawa a can a matsayin masu wuyar samu daga Sanskirit aka ɗebo su, wato tsohon harshen addini da adabin Indiya. Ra'ayina shi ne, Bahaushen da ke neman suna mai ma'ana wanda ba a cika jinsa ba bai kamata ya tsallake gidansu ba. Zan kafa hujja da suna guda, Nomau, da kuma gari guda, Gadarif ta gabashin Sudan.

Mu fara da sunan baƙo domin mu yi masa adalci. Ɗauki Aditya, wanda masu kallon finafinan Indiya suka saba ji. Shafukan nan za su ce maka ma'anarsa "rana". Gaskiya ne, amma guntuwar gaskiya ce. An gina kalmar ne daga Aditi, wata abar bauta a addinin Hindu, aka yi mata ƙarin da ke nuna "ɗan wance", bisa ƙa'idar da Panini ya tsara a nahawunsa mai ƙa'idoji kusan 4,000 tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan Aditya na nufin ɗan Aditi, kuma suna ne na abin bautar rana. Ba'indiye in ya ji sunan, duk wannan tarihin yake ji. Bahaushe kuwa daɗin sautin kawai yake ji. Sunan ba shi da aibi a wurin masu shi. Aibin yana ga mai aron da bai san abin da ya ara ba.

To, mu dawo kan Nomau. Ɗalibin ginin kalma ya san cewa daga aikatau "noma" aka samo shi, aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-au". Ma'anarsa yaron da aka haifa lokacin noma, sa'ad da mazan gida ke gona. Ba shi kaɗai ne a wannan gida ba. Akwai Shekarau, wanda ya daɗe a ciki ya wuce lokacin da ake sa ran zuwansa. Akwai Barau, wanda ake roƙon a bar wa iyayensa shi bayan sun sha rasa 'ya'ya. Akwai Mantau, wanda ya zo bayan an fid da rai da haihuwa. Waɗannan sunaye ba na ƙasƙantattu ba ne: Malam Ibrahim Shekarau ya mulki Jihar Kano daga 2003 zuwa 2011, Makau kuma shi ne Sarkin Zazzau na Haɓe da masu jihadi suka fitar daga Zariya. A Jamhuriyar Nijar har yau ana ganin Nomau a takardu, an rubuta shi Nomao bisa ƙa'idar rubutun Faransanci. Irin wannan suna ba ya bukatar shafin da zai fassara shi. Duk mai jin Hausa ya ji shi, ya san wani abu game da ranar da aka haifi mai shi.

Me ya sa na zaɓi Gadarif? Domin in akwai wurin da sunan Nomau ya dace da shi a bayan ƙasar Hausa, to nan ne. Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙafa kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu su yada zango su yi noma don neman guzuri, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka soma noman inji mai dogaro da ruwan sama a yankin Gadarif, ƙasar ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Injin yana huɗa, amma ciyawa da yankan riɗi sai da hannu, kuma mutanen Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa, suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Al'ummar da rayuwarta ke juyawa da damina, ya kamata a ce Nomau da Anaruwa sun cika unguwanninta.

Sai dai abubuwa uku sun taru sun matse irin waɗannan sunaye. Na farko harshe. Larabci ne harshen makaranta da kasuwa da ofis, kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi sukutum a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Yaron da Hausarsa ta yi rauni ba zai ji "noma" a cikin Nomau ba, sunan ya zame masa sauti kawai, kamar yadda Aditya yake a kunnen Bakano. Na biyu takarda. A Sudan ana rubuta suna ne huɗu-huɗu: naka, na uba, na kaka, na uban kaka. A al'adar Hausawa Musulmi kuwa, Nomau da Tanko da Gambo galibi laƙabi ne da ke tafiya tare da sunan yanka, kuma alkunya ce ke raya su, domin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari ko na surukinta. Takarda ba ta ware wa laƙabi gurbi ba. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne tambayar wane ne ɗan ƙasa. An daɗe ana haɗa mutanen yamma duka a kira su Fallata ko Takari, sau da yawa da sigar raini. A 2008 an yi zanga-zanga a Gadarif bayan wata jarida ta jingina wa shugaba Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. A watan Yuli na 2022 rikicin ƙasa da sarauta a Jihar Bulu Nayil ya ci rayuka da dama, Hausawa suka fito kan tituna a Kasala da Gadarif da wasu garuruwa. A irin wannan hali, uban da ya ɓoye sunan da ke tona asalin ɗansa ba abin zargi ba ne. Kariya yake nema masa.

Wanda ba shi da uzuri shi ne ɗan'uwansa na Kano ko Katsina ko Maraɗi, wanda babu mai tuhumar asalinsa, amma yake jin kunyar Nomau yana kiransa sunan ƙauye, sannan ya kwana yana laluben sunan da ko furta shi daidai bai iya ba. Abin da tsoro ya raba na Gadarif da shi, na gida yana zubar da shi da hannunsa.

Wani zai ce sunayen gargajiya cike suke da camfi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Ajuji ya samo asali ne daga al'adar ajiye ɗan wabi a kan juji don a yaudari mutuwa. Amma wane camfi ne a cikin Nomau, ko Tanko wanda ya biyo bayan 'yan'uwa mata, ko Gambo mai bin tagwaye? Bayanin yanayin haihuwa ne kawai. Kuma ban ce a taɓa sunan yanka ba. A raɗa wa yaro Muhammadu ko Usman, a yanka masa ragonsa, kakarsa ta kira shi Nomau.

Wani kuma zai ce ai aron suna ba baƙon abu ba ne a Hausa. Haka ne. Daga Larabci muka samo Audu da Habu da Mamman, haka ma Talatu da Laraba da Jummai daga sunayen ranaku. Amma kakanninmu sun san ma'anar abin da suka ara, suka kuma sarrafa shi har ya zauna daram a bakin Bahaushe. Wannan ya sha bamban da tsintar suna a shafin da bai san ka ba, don kawai ya ce maka mutane ƙalilan ne ke da shi. Ƙarancin masu suna ba daraja ba ne. In ma ƙarancin ake so, Nomau ya fi ƙaranci a makarantun biranenmu a yau.

Hausawa sun ce suna linzami. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa a fili yake, kuma na gaggawa ne, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa iyalai, tsofaffin da ke riƙe da waɗannan laƙabobi kuma ba dawwama za su yi ba. Duk ɗalibin da ke da dangi a Gadarif ko Kasala ko Mai Wurno, ya tambayi tsofaffin matan gidan da wane suna suke kiran 'ya'yansu da jikokinsu, da dalilin kowane suna, ya rubuta da yadda suke furta shi. A kwatanta da abin da ake ji a Sakkwato da Damagaram. Wanda kuma Allah ya ba shi ɗa namiji a tsakiyar damina, ya san cewa harshensa ya riga ya tanadar masa suna.