Daga Allon Malami: Me Ya Sa Gidan Abincin Manya Ba Ya Kusa da Rumbu?

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Damargu, maza da mata, daga Tanut har Belbeji.

A wannan wata wani ɗalibina ne ya kawo mana magana. Makiyayi ne. Ya kai raguna Damagaram ya sayar, yunwa ta kama shi, sai ya shiga wani gidan abinci kusa da ofisoshin gwamnati. Aka ba shi kujera, aka miƙo masa takarda mai sunayen abinci da Faransanci. Shi kuwa Hausa ya iya karantawa. Kunya ta hana shi tambaya, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Aka kawo masa tsoka uku da dankali. Da aka faɗi kuɗin, ya ga sun isa ya sayi hatsin da gidansa zai ci kwana biyu.

Da ya dawo aji sai ya ce: "Malam, naman nan daga wajenmu yake zuwa. Me ya sa irin wannan gida babu shi a garinmu?"

Muka ɗauki alli muka yi lissafi. Mai irin wannan gida yana biyan haya, da lantarki, da firji, da masu dafuwa, da masu kawo faranti. Ranar da babu ciniki ma sai ya biya. Saboda haka yana neman unguwar da mutane ke samun kuɗi kowane wata, wato masu albashi, da manyan 'yan kasuwa, da baƙi. Manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, lokacin kaka. Makiyayi sai ya sayar da dabba. Ungulu ba ta jewar banza: gidan abincin manya albashi yake bi.

Tarihi ma ya nuna haka. Damagaram ce babban birnin ƙasarmu a zamanin Nasara har shekarar 1926, sa'ad da aka mayar da mulki Yamai. Can aka keɓe wa Nasara unguwar Filato, aka gina ofisoshi da gidajen manya. Bayan samun 'yancin kai a 1960, manyan ma'aikatanmu suka gaji unguwar, gidajen abinci masu tsada suka zauna kusa da su. Da kuɗin ƙarfen uraniyom suka shigo, aka gina otal ɗin Gaweye a bakin kogi, farkon shekarun 1980. A 2019, da za a yi taron shugabannin Afirka, sababbin manyan otal suka tashi, su ma a Yamai. A Damagaram kanta, wanda ya nemi irin wannan gida ba Kara-Kara zai nufa ba, unguwar talakawa.

Ga misali a ƙofarmu. Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, a kan hanyar Tanut zuwa Damagaram, ma'aikata da direbobin tanka suka zo. Ni da idona na ga yadda masu shayi da masu abinci suka ƙaru a Bakin Birji. Ba wanda ya kira su. Kuɗi ne suka kira su.

To, 'yan'uwa, abin da ya dame ni ba rashin kujera mai laushi ba ne. Damargu rumbun gero ce, ga dabbobi, ga cuku, ga man shanu. Amma ɗanye muke sayarwa, da araha, lokacin da kowa ya kai nasa kasuwa. Wani ya dafa a birni ya ci ribar. Sannan ɗan Damargu ya je can ya ji kunyar zama.

Ba za mu iya jawo Filato zuwa Tanut ba. Amma hanyar Agadas ta ratsa garinmu, motoci suna tsayawa dare da rana, kuma a cikinsu akwai masu kuɗi a aljihu. Da yawa ruwa kawai suke saye su wuce, don suna ganin ƙuda a kan kwano.

Ga shawarata ga mata masu tuwo da fura a tasha da kasuwa. A rufe abinci. A ajiye buta da sabulu. A share rumfa, a sa benci. A rubuta sunan abinci da kuɗinsa a allo, da Hausa, don kada baƙo ya ji tsoron cuta. A riƙe littafi: abin da aka saya, abin da aka sayar. Mata biyar da suka haɗa adashi za su iya yin rumfar da mace ɗaya ba za ta iya ba. Duk wannan a ajinmu ake koyonsa, kuma kyauta ne.

Ɗalibina yanzu ya ce in ya koma birni zai tambayi kuɗi kafin ya zauna. Na ce masa tambaya ba abin kunya ba ce.

Masu karatu na Gangara, Tarka da Olelewa, ku rubuto mana yadda abin yake a kasuwanninku. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.