Takardar Digiri Ba Ta Yin Malamin Tarihi

Ra'ayin da ya yi kaka-gida a jami'o'in Najeriya shi ne, ɗalibin tarihi ya isa malamin jami'a da zarar ya kammala kundin digiri na uku, ya buga 'yan maƙaloli a mujallu. Wannan ra'ayi gurgu ne, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da damar kauce masa tun tana ƙuruciya.

Tushen matsalar shi ne tsarin ƙarin girma, wanda ke ƙirga yawan abin da malami ya buga, ba nauyinsa ba. Ɗalibi kan fahimci haka da wuri, sai ya zaɓi batun da zai gama daga ɗakin karatu, yana kwafar abin da wasu suka kwafa.

Makarantar tarihi ta Zariya ba haka ta ginu ba. A can, Abdullahi Smith ya ɗora ɗalibansa kan rubuce-rubucen Larabci da takardun adana tarihi. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana jin ta bakin dattawa, kafin ya rubuta kundinsa kan sauye-sauyen Katsina, wanda aka buga a 1981 a matsayin littafi kan shekarun 1400 zuwa 1883. Har yau ga wannan littafin ake komawa.

Horon da ake bukata abu uku ne. Na farko, karatun Larabci da Ajami, domin wanda bai iya su ba ya rufe wa kansa wasiƙun sarakuna da littattafan malaman zaure. Na biyu, zama da takardun Turawan mulki a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, tare da fita neman tarihin baka. Marinar Karofi da tsoffin garuruwan Kurfi irin su Birchi suna jiran mai bincike, ga shi hare-haren 'yan bindiga suna tarwatsa ƙauyuka da dattawan da ke riƙe da labarinsu.

Na uku shi ne koyarwa kanta. An daɗe da cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kafin a maido shi, don haka ɗalibai da yawa ke shiga jami'a ba tushe. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana nan Dutsin-Ma. Ya kamata mai neman babban digiri ya koyar a can ƙarƙashin kulawar gogaggen malami, a kuma sa wannan cikin sharuɗɗan kammalawa.